Sophie Germain, ƴar ɗan kasuwar da aka ƙwace wa fitila don kada ta yi lissafi

Duk wanda ya saba cin kasuwar Birnin Konni ko Dan Issa ko Maigatari ya san irin yarinyar nan mai tallar goro ko ƙosai. Ka yi sayayyar dala 65, ka miƙa mata jika guda, kafin ka rufe aljihu ta ƙirgo maka canjinka dala 135. In kuwa naira ce a hannunka, ta san yadda canji ya kwana a ranar, ta juya kuɗin a ka, ba alli ba takarda, kuma ba ka isa ka cuce ta ko dala guda ba. Amma yarinyar nan in ta dawo daga lakwal da sakamako marar kyau a lissafi, sai mu ce ai dama lissafi ba na mata ba ne, mu miƙa mata tiren talla. Wannan ne ya sa yau muka ɗauko muku tarihin wata ƴar ɗan kasuwa a ƙasar Faransa, wadda ita ma aka gaya mata irin wannan magana fiye da shekara 200 da suka wuce.

An haifi Marie-Sophie Germain, wadda za mu riƙa kira Sofi don sauƙi, ranar 1 ga Afrilu 1776 a birnin Faris, a wani gida da ke titin Saint-Denis. Mahaifinta, Ambroise-François Germain, attajiri ne mai fataucin siliki. Ita ce ta biyu cikin ƴaƴansa mata uku. Don ku gane zamanin sosai, ta girmi Nana Asma'u ƴar Shehu da kimanin shekara 17.

Tana da shekara 13, a 1789, juyin juya hali ya ɓarke a Faransa. An zaɓi mahaifinta cikin wakilan jama'a a babban taron da sarki Louis na 16 ya kira a shekarar. Ranar 14 ga Yuli mutanen gari suka fasa kurkukun Bastille, daga nan Faris ta rikice, fita waje ta zama haɗari. Zaman gida ya ishi yarinya, sai ta shiga ɗakin littattafan ubanta tana neman abin ɗebe kewa. A nan ta ci karo da littafin tarihin lissafi na wani malami mai suna Montucla, a ciki ta karanta yadda Arkimidis ya mutu.

Shi Arkimidis babban masanin lissafi ne na mutanen Girka, mazaunin birnin Sirakus a tsibirin Sisili. A shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa sojojin Rum suka ci garin da yaƙi. Labarin da ake bayarwa shi ne, wani soja ya tarar da tsohon ya duƙufa a kan zanen lissafinsa, ya yi masa magana bai kula shi ba, sai ya kashe shi. Wata yarinyar da ta karanta wannan, tsoro zai kama ta. Ita kuwa Sofi sai ta ga cewa duk ilimin da zai ɗauke hankalin mutum har ya manta da takobin da ke bisa kansa, lalle akwai wani daɗi a cikinsa, kuma sai ta ɗanɗana.

Ba ta da malami. Ta fara da littattafan ƙidaya da ta samu a gidan, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Da ta ga manyan littattafan, irin na Newton ɗan Ingila da na Euler, da harshen Latin aka rubuta su, sai ta koya wa kanta Latin, ta haɗa da Girkanci.

Iyayenta ba su ji daɗin abin ba. A wancan zamani, a gidajen masu hali na Faransa, ana ganin irin wannan karatu bai dace da ƴa mace ba. Wani masani ɗan Italiya mai suna Libri, wanda ya san ta kuma ya rubuta tarihinta bayan rasuwarta, shi ya ba da labarin abin da ya faru. Da suka lura tana kwana karatu, sai suka riƙa kashe wutar jin ɗumi ta ɗakinta, su kwashe kyandir, su tafi da tufafinta na sanyi, don dole ta kwanta. Hunturun Faris kuwa ba irin namu ba ne, can ruwa ƙanƙara yake zama. To, sai ta jira gida ya yi tsit, ta fito da kyandir ɗin da ta ɓoye, ta ƙudundune cikin bargo, ta ci gaba. Da safe a tarar da ita barci ya sace ta a bakin tebur, tawada ta daskare a cikin kurtu.

Daga ƙarshe iyayen suka saduda. Abin yabo ga wannan ɗan kasuwa shi ne, da ya gane abin a jinin ƴarsa yake, bai tsaya ga janye hannu kawai ba. Sofi ba ta taɓa yin aure ba, ba ta taɓa samun aikin albashi ba, dukiyar gidansu ce ta ɗauki nauyinta har ƙarshen rayuwarta. Ba don kuɗin siliki ba, da yau ba mu da labarin da za mu ba ku.

A 1794, tana da shekara 18, aka buɗe babbar makarantar injiniyoyi ta École Polytechnique a Faris. Mata ba sa shiga. Amma makarantar na da wata al'ada: ana rubuta darussan malamai a raba, ɗalibai kuma su aiko da aikinsu a rubuce. Sofi ta samo takardun darussan, ta riƙa yin aikin tana aikawa da sunan wani tsohon ɗalibin makarantar, Antoine-Auguste Le Blanc. Malamin da aikin ya faɗa hannunsa shi ne Lagrange, ɗaya daga cikin manyan masanan lissafi na Turai a lokacin. Aikin ya burge shi, ya nemi ganin wannan Mushe Le Blanc ido da ido. Ƙarya fure take ba ta ƴaƴa, dole Sofi ta bayyana kanta. Lagrange bai kore ta ba, ya ƙarfafa mata gwiwa, sunanta ya fara yawo cikin masana. Sai dai yabo daban, aji daban. An riƙa zuwa ganinta kamar abin mamaki, amma ba wanda ya zaunar da ita ya koya mata darasi bi da bi kamar yadda ake yi wa samarin makarantar. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Fannin da ya fi kama zuciyarta shi ne ilimin halayen lambobi. A 1801 wani matashi Bajamushe, Carl Friedrich Gauss, ya fitar da wani littafi mai wuyar gaske a wannan fanni, wanda ko manyan malamai kaɗan ne suka iya fahimtarsa da farko. Sofi ta shekara uku tana nazarinsa. A watan Nuwamba 1804, shekarar da Shehu Usmanu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, ta rubuta wa Gauss wasiƙa tare da sakamakon bincikenta. Tsoron kada ya raina ta ya sa ta sake fakewa da sunan Le Blanc. Gauss ya ba da amsa, suka ci gaba da musayar wasiƙu, shi kuwa yana zaton da namiji yake magana.

Yaƙi ne ya tona asirin. A 1806 sojojin Nafoliyon suka mamaye Braunschweig, garin da Gauss yake zaune. Sofi ta tuna da Arkimidis da sojan Rum, hankalinta ya tashi. Akwai wani janar na Faransa mai suna Pernety, aminin gidansu, sai ta roƙe shi ya sa ido a kan lafiyar malamin. Janar ya tura wani hafsa har gida, aka tarar da Gauss lafiya lau, aka shaida masa cewa wata baiwar Allah ce a Faris mai suna Sophie Germain ta damu da shi. Gauss ya rasa gane ko wace ce, don bai taɓa jin sunan ba. Sai ta rubuta masa ta faɗi gaskiya. A amsar da ya aiko ranar 30 ga Afrilu 1807, ya nuna mamaki da murna, ya kuma bayyana cewa macen da ta tsallake dukkan shingayen da al'ada ta gindaya mata har ta kai wannan zurfi, ba shakka tana da ƙarfin zuciya da baiwa ta musamman. Har suka bar duniya ba su taɓa ganin juna ba.

A 1808 wani Bajamushen kuma, Chladni, ya zo Faris da wani abin kallo. Sai ya barbaɗa yashi mai laushi a kan farantin ƙarfe ko na gilashi, ya goga gefensa da irin bakan da ake kaɗa goge da shi. Farantin ya ɗauki kaɗawa yana ƙara, yashin kuwa ya gudu daga inda ke rawa ya taru a inda ba ya motsi, sai ga zane mai kyau kamar na ƙwarya. In aka sauya wurin gugar, zanen ya sauya. Nafoliyon da kansa ya kalla. A 1809 Majalisar Masana Kimiyya ta Faransa ta sa gasa: duk wanda ya fito da lissafin da ke bayanin yadda irin wannan faranti yake lanƙwasa yana kaɗawa, zai sami lambar zinariya ta faran 3,000. Lagrange ya nuna cewa lissafin da ake da shi a lokacin bai kai ga warware matsalar ba, sai kowa ya ja da baya.

Da wa'adi ya cika a 1811, takarda ɗaya tak aka samu, ta Sofi. Ba ta ci ba, domin akwai kuskure a lissafinta. Lagrange, wanda ke cikin alƙalan, ya bi ta kan tunaninta ya gyara, ya fitar da ƙa'idar da ta fi daidai. Aka ƙara wa'adi. A 1813 ta sake kawowa, ita kaɗai dai, aka ba ta yabo ba lamba. Ta koma ta sake zama. A karo na uku ta yi nasara: ranar 8 ga Janairu 1816 aka bayyana ta a matsayin wadda ta ci gasar, mace ta farko da wannan majalisa ta taɓa ba lambar yabo a kan aikinta. Jama'a suka taru don su gan ta, amma ba ta halarci bikin ba.

A nan ya kamata mu faɗi gaskiya, don tarihi ba kirari ba ne. Ko a karo na ukun, alƙalan sun rubuta cewa hujjojinta ba su gama ɗaurewa ba. Wasu masana ne daga baya suka kammala wannan ilimi na lanƙwasar ƙarfe, wanda da shi injiniya ke sanin nauyin da gada za ta ɗauka kafin babbar mota ta hau ta da lodi. Masu nazarin aikinta sun nuna cewa gurabun da ke ciki daga rashin koyarwa suka fito. Akwai dabarun da samarin Polytechnique suka koya a aji, ita kuwa sai dai ta laluba su ita kaɗai. Masanan zamaninta kuma sau da yawa sukan amsa mata da ladabi kawai, maimakon su nuna mata kuskurenta filla-filla kamar yadda suke yi wa junansu. Sai bayan da Joseph Fourier ya zama sakataren majalisar a 1822 ne ma ta sami damar halartar zamanta ba wahala, alhali matan ƴan majalisar sun daɗe suna shiga albarkacin mazajensu.

Babban aikin da ya dawwamar da sunanta yana can a fannin lambobi, kuma duk wanda ya iya rabon goro zai gane tushensa. Goro 12 za ka iya raba shi daidai tsakanin mutum 2, ko 3, ko 4, ko 6. Goro 13 fa? Ba ya rabuwa daidai, sai dai mutum ɗaya ya kwashe duka, ko mutum 13 kowa ya ɗauki ɗaiɗai. Irin waɗannan lambobi, wato 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17 da sauransu, bari mu kira su lambobi masu ƙin rabo.

Sa'an nan ku dubi magini in zai fitar da kusurwar ɗaki, yakan auna 3 a gefe ɗaya, 4 a ɗaya gefen, in tsakaninsu ya ba da 5 to kusurwa ta tsaya daidai. Sirrin shi ne 3 sau 3, a haɗa da 4 sau 4, ya ba da 5 sau 5: wato 9 da 16 sun zama 25. Wajen 1637 wani lauya Bafaranshe mai son lissafi, Pierre de Fermat, ya rubuta a gefen wani littafi cewa in aka jera lambar sau uku ana ninkawa, ko sau huɗu, ko fiye, ba za a taɓa samun lambobi uku da za su daidaita haka ba. Ku gwada: 6 sau 6 sau 6 ya ba da 216, sa'an nan 8 sau 8 sau 8 ya ba da 512, jimla 728. To 9 sau 9 sau 9 kuwa 729 ne. Saura ɗaya tak, amma kusa ba ta kai ba. Fermat ya ce yana da hujja, sai dai bai rubuta ta ba, ya mutu ya bar masana da aiki.

Kafin Sofi, ana bin matsalar ne ɗaya bayan ɗaya: an tabbatar da ninki huɗu, an tabbatar da ninki uku. Da yake lambobi ba su da iyaka, wannan tafiya ba ta da ranar isa. Ita sai ta nemi hanyar da za ta kama lambobi da yawa a lokaci guda, ta kuma bayyana wa Gauss shirinta a wasiƙar 1819. Matsalar kamar gida ce mai ƙofa biyu, Sofi ta toshe ƙofar farko ga kowane ninki mai ƙin rabo daga 3 har ƙasa da 100. A cikin aikin ta yi amfani da wasu lambobi masu ƙin rabo na musamman, waɗanda in ka ninka su biyu ka ƙara ɗaya, abin da ya fito ma mai ƙin rabo ne. Misali 5: ninki biyu 10, a ƙara ɗaya 11. Haka 11 take ba da 23. Amma 7 tana ba da 15, wadda ke rabuwa uku ko biyar, saboda haka ba ta ciki. Har yau, a kowace jami'a ta duniya, da sunan Sophie Germain ake kiran waɗannan lambobi, kuma manya-manyansu suna aiki a wasu hanyoyin kulle saƙo a intanet don kada ɓarawo ya karanta.

Ba ita ta buga wannan sakamako ba. Abokin aikinta Legendre ne ya ambace shi da sunanta a ƙasan wani shafi na rubutunsa, shi ke nan abin da duniya ta sani tsawon shekaru masu yawa. Sai da masu bincike na zamaninmu suka buɗe takardunta na hannu da ke babban ɗakin karatu na ƙasa a Faris, suka ga ashe shirinta ya fi haka girma nesa ba kusa ba, so ta yi ta warware matsalar gaba ɗaya. Wannan babban shiri bai kai ga gaci ba. Ba abin kunya ba ne, don matsalar ta gagari kowa har 1994, lokacin da Andrew Wiles ɗan Ingila ya kammala hujjar.

A 1829 aka gano tana da sankarar mama. Ta ci gaba da aiki cikin ciwo, har ta fitar da sabon rubutu a 1831. Ta rasu ranar 27 ga Yuni 1831 a gidanta na titin Savoie, tana da shekara 55, aka binne ta a maƙabartar Père Lachaise. A takardar shaidar mutuwarta, wurin sana'a, mai cin kuɗin dukiya aka rubuta, ba a ambaci lissafi ba. Ba ta taɓa riƙe takardar shaidar wata makaranta ba. Da aka gina hasumiyar Eiffel a 1889, an zana sunayen masana da injiniyoyi 72 a jikinta, ba mace ko ɗaya. Daga baya dai Faransa ta farka: akwai titi da makarantar sakandare masu sunanta a Faris, kuma a 2003 majalisar nan ta masana ta fara ba da lambar yabo ta lissafi da sunanta. Ita kuwa Polytechnique sai a 1972 ta buɗe ƙofa ga mata, kuma a jarrabawar shiga ta wannan shekara wata yarinya, Anne Chopinet, ita ta zo ta ɗaya a kan dukkan samarin. Shekara 178 ke nan ƙofar na rufe, Allah kaɗai ya san irin su nawa aka yi asara.

To, ƴan uwa ƴan kasuwa, mu komo gida. Abu uku Sofi ta nema: fitila, littafi da malami. Fitilar sai da ta yi faɗa kafin ta samu, littafin ta tarar a gidan ubanta, malamin kuwa ba ta samu ba, kuma tabon rashinsa ya bayyana a aikinta. Mu a yau ba wata doka da ta hana ƴaƴanmu mata shiga aji. Ba ma kwashe kyandir, amma muna kwashe lokaci. Yarinya ta dawo daga makaranta, ɗiban ruwa na jiranta, ga talla har magariba, ga wanke-wanke, ɗan'uwanta namiji kuwa yana zaune da littafinsa. In sakamako ya fito sai mu ɗora laifi a kan ƙwaƙwalwarta.

Kuma mu, fiye da kowa, mun san lissafi ba na maza kaɗai ba ne. Uwar adashi tana riƙe da zubin mata talatin a ka, ta san wadda ta kwasa da wadda ke jira. Matan da ke saye da sefa su sayar da naira ba su taɓa neman namiji ya fitar musu da riba ba. Abin da ya rage shi ne wannan baiwa ta hau takarda, ta wuce canjin goro, ta kai ga littafin shago, da takardun duwan, da ofishin banki, da aikin injiniya.

Abin da muke roƙo ba shi da tsada. Alhaji, ka ware wa ƴarka awa ɗaya da dare wadda ba mai aiken ta, ka saya mata ƴar fitilar nan mai cajin rana. Ka ba ta littafin bashi na shago ta riƙa haɗa maka jimla ranar da ba makaranta, in ta kama ka da kuskure kada ka ji haushi. Hajiya, in ta ce ba ta gane darasi ba, kada a ce mata ai haka mata suke, a je a ga malamin. Ku kuma malamai, ku kira ƴan mata gaban allo kamar yadda kuke kiran maza, ku gyara musu kuskure da gaske, don gyara ne Sofi ta rasa, ba yabo ba.

Ga ɗan aikin gida mu bar muku. Mun ce 5 da 11 suna cikin lambobin Sophie Germain, haka ma 2 da 3. Akwai wasu guda biyu tsakanin 12 da 30. Yau da dare, bayan an rufe shago, ku kira ƴarku ku karanta mata ƙa'idar, ku ba ta alli, ku ga tsakaninku da ita wa zai riga samo su.